Shaƙuwar Gidan Su Mai Hanya

A layinmu ba mai kiransa da sunansa na gaskiya. Mai Hanya muke ce masa, don duk matsalar da ka kawo gabansa, kafin ka rufe baki ya ce, "Ina da hanya." An yanke maka wuta, yana da hanya. Akuyarka ta ɓace, yana da hanya. Ranar da rufin shagona ya fara yoyo ma ya ce yana da hanya, kuma albarkacin hanyar tasa har yau da bokiti a gefen ƙafata nake aiki. Ni ne mai askin layin, a kujerata ake sauke yawancin labarai, don mutum in ya ji aska a wuyansa bai cika ɓoye-ɓoye ba.

A hukumar ruwa ta garinmu yake aiki. In ka ji daga bakinsa, ranar da ya yi atishawa famfunan gari tsayawa suke yi. A zahiri kuwa makullan sito ne a hannunsa, ɗakin da ake jibge bututu da karyayyun kujeru.

Abu biyu 'yan gidansu suka gada, ba gona ba, ba gida ba. Na farko kunnuwa, manya, a buɗe, waɗanda duk lokacin da zan yi wa ɗayansu aski sai na lanƙwasa su da yatsa kafin in ga inda zan bi. Na biyu shaƙuwa. Duk ɗan gidan da ya yi ƙarya, ko ta wasa ce, kafin ya haɗiye yawu ƙirjinsa zai ce hik. Cika baki bai cika tayar da ita ba a wajen Mai Hanya, don shi ya yarda da duk abin da yake faɗa game da kansa. Amma ƙarya tsagwaronta, wadda shi ma ya san ƙarya ce, ba ta taɓa wucewa salin-alin ba. Duk layin mun san wannan, har yara.

Mai Hanya yana da yaya mace, wadda kowa ke kira Yaya, mai sayar da kayan lambu a bakin kasuwa. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta goya shi, ita ta riƙa raka shi makaranta tana jan kunnen nan. Ɗanta na ƙarshe, Auta, magidanci ne yanzu, ya karanci gyaran injin ruwa, yana da takardarsa, amma ya daɗe ba aiki. Famfon duk wanda ya lalace a layin shi ke gyarawa, a biya shi da "Allah ya yi albarka". Matarsa ga tsohon ciki, kuma su biyun a ɗakin bayan gidan Yaya suke raɓe.

Sai hukumar ruwa ta ce tana neman mai kula da injina, mutum ɗaya. Auta ya nema, aka kira shi intabiyu. A makon ne kuma ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ɗaukar aikin ya karye a ƙafa, Daraktar hukumar ta leƙo tana neman wanda zai cike kujerar, ta ga Mai Hanya zaune a ƙofar sito yana kaɗa makullai. Mu dai abin da ya gaya mana daga baya shi ne sai da ta roƙe shi har da ƙwalla.

Abin da ya faru a tsakar gidan Yaya da yammacin ranar, daga baya Auta ya ba ni labari a kan kujerata.

"Auta, ka samu aiki," in ji Mai Hanya. "Je ka gaya wa matarka."

"Kawu, ai akwai doka," in ji Auta. "Duk ɗan kwamitin da yake da ɗan'uwa cikin masu nema, sai ya faɗa, in an zo kan ɗan'uwan ya fita, sauran su yanke. Ba laifi ba ne. Ka faɗa kawai, ka fita ka sha shayi."

"In fita? Ni? To in na fita wa zai ba ka aikin?"

"Hannuna, Kawu."

"Hannu. Yaya, kin ji ɗanki. So nake in an gama duk layin nan ya ji cewa da bakina na sa yaron nan a aiki. Yanzu kuma a ji cewa ana intabiyunsa ina waje ina hura shayi?"

"In aka gane an ɓoye, cire sunana za a yi."

"In aka gane. Wa zai gane?"

Yaya ta ɗago daga tsinkar alayyafon da take yi. "Kai da ko 'na ƙoshi' ba ka iya cewa da yunwa a cikinka ba tare da ƙirjinka ya tona ka ba?"

Mai Hanya ya yi murmushin da muka sani, wanda in ka gani sai ka janye kayanka daga kusa. "Nan ne kuka rasa basira. Shaƙuwa ƙarya take bi, ko ba haka ba? To sai mu mayar da maganar gaskiya. Daga yau ban san ku ba, ba ku san ni ba. Ba gaisuwa, ba aike, ba leƙe. Mu yi ta yi har jiki ya yarda. Ranar intabiyu in na ce ban san shi ba, jikina zai ce haka ne."

Auta ya yi magiya har ya gaji. Zaɓi biyu ya rage musu, su bi shi ko su kai ƙararsa wajen Darakta, kuma Yaya ba za ta iya tozarta ƙanenta a wurin aikinsa ba. Ta ce, "To." Mai Hanya ya sa suka yi alkawarin ba za su gaya wa kowa ba, ya cire hotonsa daga bangon falonta, ya fita ba sallama, wai an fara.

Washegari da safe a ƙofar shagona suka yi kiciɓis. Auta tun yana rarrafe yake rusuna wa kawunsa, gwiwoyinsa ba su san da wani shiri ba. Kafin ya tuna har ya kai ƙasa. Da ya tuna sai ya kama ɗaure igiyar takalmi, alhali silifas ne a ƙafarsa.

Mai Hanya ya tsaya a kansa ya ɗaga murya don kowa ya ji. "Bawan Allah, lafiya ka tare mini hanya? Ni ban san ka ba. Hik."

"Yi haƙuri, Kawu. A'a, yi haƙuri, malam. Ni ma ban taɓa ganinka ba. Hik."

Tela, wanda shagonsa ke kallon nawa, ya tsayar da keken ɗinkinsa. Shi mutum ne da in kaji biyu suka yi faɗa a layin sai ya fito sasanci. Ya dube ni, na dube shi.

Da rana Mai Hanya ya zo ya zauna a kujerata. "Aski nake so wanda zai rage kunne."

"Gashi nake ragewa. In kunne kake so a rage, asibiti za ka."

"To bar gashin gefe ya rufe su."

"Wane gashin gefen? Wannan ko shekara ka tara shi, iyakarsa ya gaishe da kunnen daga nesa."

Ya ce ban san sana'ata ba, yana da hanya. Hanyar ita ce filasta. Ya manne kunnuwan biyu a jikin kai, ya fito fuskarsa sumul kamar tulu, har karen Tela ya bi shi da haushi. A cikin motar haya zafi ya narkar da filastar gefe ɗaya, kunnen dama ya ɓalle ya mari wata mata da ke kusa da shi. Ta rama da jaka. Haka ya dawo, kunne ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye, yana cewa gwaji ne kawai kuma ya yi nasara. Wannan karon bai yi shaƙuwa ba, don har ransa ya yarda.

Daga nan ya koma kan shaƙuwar. Ya sha ruwa a sunkuye, ruwan ya bi masa ta hanci. Ya toshe numfashi a gaban madubina yana maimaita "ban san shi ba" da leɓe kawai har ya sulale ƙasa, na yayyafa masa ruwan bokitin yoyo. Yana buɗe ido ya ce, "Ban suma ba. Hik." Ya ce in riƙa firgita shi ba zato in ina masa aski, na ce ni da aska a hannu ba na firgita kowa. A ƙarshe ya gano cewa in ya buga tarin makullan sito a kan tebur daidai lokacin da ta zo, ƙarar tana rufe ta. Ya yi ta gwadawa a kan bencina har ya fasa mini kwalbar man gashi.

Mun tambaye shi wa yake son ya manta haka, ya ce ba kowa, ya buga makullai.

Abin dariya ne a wajenmu har ranar tumatir. An yi ruwa da rana, Yaya na dawowa daga kasuwa da kwando a ka, santsi ya ɗebe ta a bakin kwalbati. Ta zauna daɓas a cikin taɓo, tumatir ya watse a titi. Mai Hanya na tafe a daidai wurin. Na ga ƙafarsa ta zabura za ta je, na ga ya riƙe ta. Ya sunkuya ya ɗauki tumatir ɗaya da ya gangaro gabansa, ya miƙa mata daga nesa.

"Baiwar Allah, ga tumatirinki."

Ya tsallake sauran ya wuce. Yaya ta bi bayansa da kallo, tumatirin a hannunta. Ni kam raina ya ɓaci, don matar nan da idona na ga ta cire takalminta ta ba shi ranar da zai fara aiki, ita ta koma gida a ƙasa. Mu muka ɗaga ta muka tattara mata kayan.

"Yaya," in ji Tela, "me ya haɗa ki da ƙanenki?"

"Ba komai. Hik."

"Kun yi faɗa ne?"

"Gajiya ce kawai take damunsa. Hik."

Shi ke nan layi ya ɗauka. Kafin rana ta faɗi mun rabu gida biyu. Ɓangaren Tela suka ce rigimar gado ce, na ce wane gadon, kunnen za su raba ko shaƙuwar? Ɓangaren Mai Kemis suka ce ba faɗa ba ne, ƙwaƙwalwa ce ta fara zubewa, ya taɓa ganin irinta a wani littafi. Aka yanke a gwada shi. Suka tare shi a shagona, rabin kansa a aske, ba damar gudu. Mai Kemis ya fito da wani tsohon hoto da ya aro wajen matar Auta.

"Wace ce wannan?"

"Ban san ta ba. Hik."

"Wannan yaron da ta goya fa?"

"Shi ma ban san shi ba. Dubi kunnensa, Allah ya sawwaƙe. Hik."

"Kai ne," in ji Mai Kemis a hankali, ya juya ya dubi jama'a. "Kun gani. Kansa ma ya manta."

"Ai ga shaƙuwa nan," in ji Tela. "Ya sani sarai, zuciya ce."

"Shaƙuwar ma ta rikice. Cutar ta kai ƙirji."

Mai Kemis ya ɗura masa wani maganin ƙarin tunani mai ɗaci, Tela ya yi masa wa'azin zumunci har kumfar askin ta bushe a fuskarsa. Washegari wasu mata suka kai wa Yaya ziyarar jaje. Wani dattijo ya zo takanas daga wata unguwa ya ce ya ji an raba gida da katanga. Da Mai Hanya ya ga layin ya hana jikinsa mantawa, sai ya naɗe tabarma ya koma kwana a sito cikin bututu. Muka neme shi muka rasa, Tela ya rame don takaicin sasancin da ya kuɓuce masa.

Ana nan Auta ya kawo wa Tela ɗinki, riga sabuwa da hula. Hular ya ce a yi ta da zurfi, ta sauko har wuya in da hali.

"Ina za ka da wannan rumbu a ka?"

"Ba ko'ina. Hik."

Ranar da ya karɓi kayan ya fita da sassafe, Tela ya aika matarsa ta bugi cikin matar Auta, ta dawo da labari cewa hukumar ruwa ya tafi. Tela ya shigo shagona da tef a wuya, idonsa na ƙyalli.

"Rufe shagon nan. Yau kawu da ɗa suna ƙarƙashin rufi ɗaya, kuma a gaban shugabarsa. In bai ji kunyarmu ba zai ji tata."

Kafin mu kai bakin layi mun zama tawaga, Tela a gaba, Mai Kemis da jakar magani ko za a buƙata, dattijon katanga, mata da goyo, har da wani mai sayar da rake da ya ga taro ya biyo. Yaya ta fito da gudu ta tsaya a gabanmu ta ware hannu.

"Don Allah ku koma. Ba abin da ake yi a ofishin nan yau. Hik."

"Kin ji ko," in ji Tela cikin tausayi. "Har yanzu rufa masa asiri kike. Taho, yau za a gama."

Ta yi roƙo, ta ja rigar wannan ta ja ta wancan, ba wanda ya saurare ta, kowa na cewa baiwar Allah mai haƙuri. Da ta ga ba za mu tsaya ba ta biyo mu, tana tafe tana cewa mu koma.

Maigadin hukumar ya saba ganin unguwa guda ta zo kukan rashin ruwa, ko tambaya bai yi ba ya buɗe mana. A tsakar harabar wani tsohon inji na ta aman ruwa, ma'aikata sun kewaye shi suna kallo. Maigadin ya ce tun zuwansa wurin bai taɓa jin muryar injin nan ba sai yau, da aka ba masu neman aiki gwaji, wani mai ƙatuwar hula ya tayar da shi.

Masinja ya tsayar da mu a baranda ya ce kwamiti na zama. Fankar ɗakin ta mutu, an bar ƙofa da taga a buɗe, muna ganin komai. Darakta na tsakiya, mace mai tabarau da magana a hankali. Damanta wani tsohon Injiniya. Hagunta Mai Hanya, ya ci kwalliya, kunnuwa a manne da sabuwar filasta, tarin makullai a gabansa. Tela ya ce mu ɗan dakata ya tsara jawabinsa.

"Kafin na gaba ya shigo," in ji Darakta, "zan sake tambaya kamar yadda doka ta ce. In akwai wanda yake da dangantaka da shi, ya faɗa, ya ɗan fita. Ga shayi can an dafa. Ba abin kunya ba ne."

"Babu," in ji Mai Hanya, ya rafka makullai a tebur. Injiniya ya zabura, biro ya faɗi daga hannunsa.

Auta ya shigo, hula har gira. Gwiwoyinsa suka fara lanƙwashewa za su gaishe da kawu, ya kama bayan kujera ya tsaya. Injiniya ya yi masa tambayoyi a kan inji, ya amsa tiryan-tiryan, ko tari babu. Tsohon sai gyaɗa kai yake yana rubutu. Da Mai Hanya ya yi shiru da an wuce wurin, amma ya ga bai nuna rashin sani yadda ya kamata ba.

"Kai, saurayi," ya ce. "Ni dai fuskarka ba ta yi mini ba. Ban taɓa ganin mai irinta ba." Makullai. "Ina jin ma danginku ba mutanen kirki ba ne." Makullai.

"Malam, ajiye makullan nan," in ji Darakta. "Kaina ya fara ciwo." Ta miƙa hannu ta janye su gabanta. Sannan ta dubi Auta. "Zafi ake yi, cire hular ka sha iska."

Auta ya cire. Kunnuwa suka buɗe. A daidai lokacin gumi ya gama aikinsa a kan filasta, kunnen Mai Hanya na hagu ya ɓalle, na dama ya biyo shi. Injiniya ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya cire tabaransa ya goge.

"Ka san wani a teburin nan?" in ji Darakta.

Auta ya dubi ƙasa. "A'a, ranki ya daɗe. Hik."

"Ni ma haka. Hik," in ji Mai Hanya, yana laluben makullan da babu.

"Ba kai na tambaya ba."

"Ina dai tabbatar miki ne. Hik. Irin kunnen nan ya cika gari. Hik."

"Haka ne. Hik," in ji Auta.

Suka kama karɓa-karɓa kamar kwaɗi bayan ruwa. Injiniya ya zuba ruwa a kofi, ya rasa wa zai fara ba. Nan Tela ya ga jawabinsa ya nuna, ya ture masinja ya shiga, muka bi shi har mai rake.

"Ranki ya daɗe, ki gafarce mu," in ji Tela, hannu a ƙirji. "Ba ruwa muka zo nema ba, zumunci muka zo ɗinkewa. Wannan bawan Allah da ke gefenki, kawun yaron nan ne, uwa ɗaya uba ɗaya da mahaifiyarsa. Shi ya fara ɗaukarsa ranar da aka haife shi, yaron ya yi masa fitsari a riga, ni na wanke rigar na goge. Yau ga shi a gabanki yana cewa bai san shi ba. Ki sa baki."

"Ba da gangan yake yi ba," in ji Mai Kemis. "Yana kan magani."

"A rushe katangar kawai," in ji dattijo.

Mai Hanya ya miƙe tsaye. "Ranki ya daɗe, ban san mutanen nan ba. Hik. Mahaukata ne. Hik. Wancan mai askin ma bai iya aski ba."

Wannan ta ƙarshen ba shaƙuwa, kuma na riƙe ta a raina.

Darakta ta ɗaga hannu aka yi tsit. Ta daɗe tana kallon takardar gabanta, sannan ta dubi Auta, kuma wallahi ba fushi a fuskarta, tausayi ne.

"Kai ka zo na ɗaya a gwajin safe, da nisa. Amsoshinka ma ba wanda ya kamo su. Da kawunka ya tashi ya je ya sha shayin can, da ni da Injiniya mun gama magana tun ɗazu. Amma an tambaye shi ya ɓoye, an tambaye ka ka ɓoye. Doka ba ta bar mini zaɓi ba. Na cire sunanka."

Auta ya tsaya yana murza hular a hannu. Ta taga ana jin injin da ya tayar yana ta zubar da ruwa.

"Kai kuma," ta ce wa Mai Hanya, "sai na rubuta rahoto a kanka, kuma sai na rubuta ainihin dangantakar." Ta duba cikinmu. "Ina mahaifiyar?"

Aka buɗa wa Yaya hanya. Ta shigo a hankali, zaninta duk ƙurar gudun da ta sha. Mai Hanya ya karkato ta bayan Darakta yana raɗa da ƙarfin da har baranda ana ji.

"Yaya, kar ki damu. Akwai wata hukumar, ta wuta. Ina da hanya."

"Mama," in ji Darakta, "mene ne tsakaninki da waɗannan biyun?"

Yaya ta dafa kafaɗar Auta. "Wannan ɗana ne, ranki ya daɗe. Autana." Sannan ta juya ta dubi ƙanenta tun daga filastar da ke reto a kunnensa har ƙasa, irin kallon da ta bi shi da shi ranar tumatir. "Wancan kuwa ban san shi ba."

Duk 'yan layinmu muka kasa kunne. Mun san abin da ke biyo bayan ƙarya a gidansu, jira kawai muke. Mai Kemis har ya ɗaga yatsa. Mai Hanya ma ya tsaya da murmushinsa yana jira, ya ɗan miƙo wuya. Shiru ya yi tsawo, murmushin ya fara zamewa.

"Yaya," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ki yi mana."

Ta karɓi hular daga hannun Auta ta ninke, ta riƙe hannunsa suka ratsa ta tsakiyarmu. Na bi bayansu har baranda, har tsakar harabar, har bakin ƙofa inda maigadi ya buɗe musu, ina kasa kunne. Ba ta yi ba.